Mai Maganin Dawaki da Hantsar Goɗiya

Hausawan unguwar Briqueterie a Yawunde sun yi suna a kasuwanci da ɗinki da gashin tsire, amma kiwon doki bai bi kakanninsu kudu ba, domin ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi ƙarko a kurmi. Mai neman masu maganin dawaki sai ya nufi Ngaundere da Garwa da Marwa, ko ya tsallaka Kano, garin da Shamaki ke kula da bargar Sarki, wanda kuma UNESCO ta sa hawan Sallarsa cikin al'adun gadon duniya a 2024.

A birni ingarma ake hawa. Goɗiya tana ƙauye tana haihuwa, kuma can ne ake gane gwanin sana'ar. Makaranta ba ta yaye shi ba. A gindin turke ya tashi, yana kwashe kashin doki, yana jiƙa dusa da kanwa, har hannunsa ya san lafiyayyar fata tun kafin ya san mai ciwo.

In aka kira shi kan ƙaramar goɗiya mai kumburin hantsa, ba ya kai hannu kai tsaye, don wurin da zafi, ita kuwa da harbi. Sai ya tsaya daidai kafaɗarta, ya sa yaron barga ya ɗaga ƙafar gaba guda, ya bi cikinta da shafa a hankali har bayan hannunsa ya isa wurin. Yana shafawa yana tambaya: "Alhaji, an kai ta wurin ingarma? Wane wata?" In mai ita ya ce, "Baba, tun bara," sai a yi lissafi. Cikin goɗiya kusan wata 11 ne, kuma hantsa kan ciko a makonnin ƙarshe. Wannan ba ciwo ba ne, albishir ne.

In kuwa ɓari ɗaya ne ya yi tauri da zafi, aka matsa kan nonon ya fitar da ruwa mai gudaji ko mugunya, to ƙwayar cuta ta shiga, sau da yawa ta hanyar ƙuda ko cizon kaska. Nan zai gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ya tatse, ya shafa man kaɗanya, allura kuma ya bar wa likitan dabbobi.

Ƙurajen fata su ma ba uwarsu ɗaya ba. Akwai na cizon ƙwari, masu tasowa a wuya da haƙarƙari da damina, su kwanta bayan kwana ɗaya ko biyu. Akwai masu jeruwa kamar carbi a ƙafa ko ƙirji, su fashe su yi ta zubar da mugunya. Waɗannan naman gwari ne ke jawo su, suna bin hanyoyin kaluluwa, kuma ƙuda da tsumman shafa da shimfiɗar sirdi duk suna kai su jikin wani doki. Jinyarsu doguwa ce, da wanki da aidin, da ware dabbar da kayanta.

Wanda ya fi ɗaga wa mai maganin hankali shi ne in kumburin hantsa ya haɗu da na farji, ga wasu tabbai masu faɗin kwabo suna tasowa a haƙarƙari, su ɓace, su sake ɓullowa wani wuri. Alamar cutar barbara ke nan, wadda likitoci ke kira durin, 'yar uwar sammore, sai dai ita ba ƙuda ke kawo ta ba, ingarma ke shafa wa goɗiya ko goɗiya ta shafa masa. Ba ta da allurar rigakafi, kuma in ta yi nisa dabba kan rame, ƙafafun baya su mutu. A nan linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Gwaji kaɗai ke tabbatar da ita, aikin ɗakunan bincike irin na Vom kusa da Jos, ko LANAVET a Garwa, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da ke hannun mai maganin shi ne ya hana a sake kai ta barbara, ya kuma nemi ingarman da ya hau ta.

Mutane sun fi son ganin an yi sakiya ko lalas, wuta ta ci, hayaƙi ya tashi, su ji kuɗinsu ya yi aiki. Mai neman na cefane kawai zai yi musu, ya tsaga hantsar da ba ta nuna ba, ko ya watsa mugunya a barga. Gwani yakan haƙura da ladan ranar, ya ce a kira likita, domin ya san goɗiya ɗaya ce jarin gidan, kuma duk dukushin da za ta haifa a hantsar nan zai sha.