Lama, raƙumin da ba ya da tozo

A cikin duwatsun Andes na Amurka ta Kudu, musamman ƙasashen Bolibiya da Feru, akwai wata dabba da ake kira lama. Wanda ya ga hotonta zai ce wuyan raƙumi aka ɗora bisa jikin babbar tunkiya. To, dangin raƙumi ce ta gaskiya, sai dai ba ta da tozo, kuma nauyinta bai cika wuce kilo 200 ba. Fiye da shekara 5,000 ke nan mutanen wannan yanki suna kiwonta, a kan tudun da ya kai mita 4,000, inda sanyi ke daskarar da ruwa da dare.

Kafin Turawan Ispaniya su ci daular Inka, wadda suka shiga a 1532, babu doki, babu jaki, babu sa a ƙasar. Lama ce motar fatake. Da aka gano azurfa a dutsen Potosi a 1545, da ita aka riƙa jigilar kayan ma'adinin, kafin alfadarai su karɓe yawancin aikin.

Amma kada ɗan kasuwa ya ɗauka amale ce. Abin da take ɗauka kilo 25 zuwa 30 ne, wato ko buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfinta, kuma babba ba ya hawanta. In ka yi mata lodi fiye da kima, sai ta durƙusa ta ƙi tashi. Ka matsa mata, ta feso maka abin da ke cikinta. Ni dai a ganina wannan ba taurin kai ba ne, sanin ciwon kai ne, abin da jakunanmu na kasuwa ba su samu ba. Ribarta a yawa take: ba a saya mata dusa, ciyawar dutse ta ishe ta, kuma mutum biyu ko uku na iya kora ayari guda.

Ga inda labarin ya yi kama da namu. A kudancin Bolibiya akwai wani fili na gishiri zalla, Uyuni, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 10,000. Makiyaya kan sassaƙo gishirin, su ɗaura wa lama, su gangara kwaruruka masu ɗumi, tafiyar makonni, wajen kilomita 15 zuwa 20 a yini. Can sai su yi musaya da masara, su hau da abincin shekara. Duk wanda ya san ayarin Bilma da ke kawo kantu da dabino ya koma da hatsi, ya gane wannan ciniki ba sai an yi masa bayani ba. Kuma abin da ya taɓa ayarinmu shi ya taɓa nasu: da aka buɗe hanyoyi, manyan motoci suka kwashe lodin. Yau ayarin lama ya zama abin nema.

Duk da haka dabbar ba ta faɗi a kasuwa ba, kuma Bolibiya ce ta fi kowace ƙasa yawanta. Mata na kaɗa gashinta suna saƙa barguna da buhuna da igiya, ko da yake bai kai na ƙanwarta alpaka laushi da tsada ba. Kashinta kuwa shi ne itacen girki a tudun da babu itace, kuma shi ne takin gonar dankalin Turawa. Nono ne dai ba a samu, ba kamar taguwa ba. Ɗan abin da ke gare ta na ɗanta ne, wanda take haifa guda ɗaya bayan ciki na wata 11 da ɗoriya.

Babban abin shi ne nama. Tun zamanin da suke yanyana shi, su sa gishiri, su shanya a rana da sanyi, suna kiran shi carki. Kilishinsu ke nan, sai dai babu tunkuza babu yaji. Shekara da shekaru mutanen birni sun raina shi, suna cewa abincin talakan ƙauye ne. Da aka gane ba ya da kitse da yawa, sai ga shi a gidajen abinci na La Paz da Oruro, ana kuma ƙulla shi cikin leda da sunan mai sana'a a jiki.

A Amurka kuma wani aiki aka ba ta: gadin garken tumaki, don tana korar karnukan daji da shuri. A Dubai, masana sun haɗa irin raƙumi da na wata 'yar'uwar lama ta daji, a 1998 aka haifi ɗa marar tozo da aka sa wa suna Rama. Bolibiya ce kuma ta kai ƙuduri Majalisar Ɗinkin Duniya, aka keɓe 2024 ta zama shekarar dangin raƙumi, lama da raƙuman Azbin duka a ciki.