Ƙwayoyin halittar da suka ƙi mutuwa

Ran 4 ga watan Oktoba na shekara ta 1951, Henrietta Lacks, wata baƙar fata ƴar Amurka mai shekara 31, ta rasu a asibitin Johns Hopkins na birnin Baltimore, sanadin ciwon daji na bakin mahaifa. Kafin rasuwarta likitoci sun yanki ɗan naman ciwon ba da saninta ba. Yau fiye da shekara 70 ke nan, ƙwayoyin halittar da aka ɗiba, waɗanda ake kira HeLa, suna ta hayayyafa cikin ɗakunan bincike na duniya.

Ba haka ƙwaya mai lafiya take ba. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa takan rabu sau 40 zuwa 60, sannan ta tsaya. Dalili yana ga zaren da ke ɗauke da gadon halitta cikin kowace ƙwaya. A bakin zaren akwai wani yanki mai suna telomer, mai aiki irin na ƙullin da ke hana igiya warwarewa. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu, telomer yakan ragu kaɗan. In ya kusa ƙarewa, sai ta tsufa ko ta mutu.

Ƙwayoyin daji suna da dabara biyu ta tsere wa wannan ƙa'ida. Ta farko ita ce telomeraz, sinadarin da Carol Greider da Elizabeth Blackburn suka gano a 1984, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel ta 2009 tare da Jack Szostak. Shi yake ƙara wa bakin zare abin da ya ragu. Cikin mafi yawan ƙwayoyin baligi a rufe yake, amma kashi 85 zuwa 90 bisa 100 na cututtukan daji sukan sake buɗe shi, har da HeLa. Sauran kuma, kamar wasu nau'o'in dajin ƙashi da na ƙwaƙwalwa, sukan bi dabara ta biyu da masu bincike na Ostareliya suka bayyana a 1995: telomer ɗin da ya gajarta yakan kwaikwayi na wani zare ya ƙara tsawonsa.

A 2024 Amurka ta amince da imetelstat, maganin farko mai toshe telomeraz, don wani ciwon ɓargo. Sai dai ɓargo mai lafiya ma yana bukatar sinadarin don yin jini, shi ya sa maganin yakan rage ƙwayoyin jinin majiyyaci. Masu bin dabara ta biyu kuwa, har yanzu ana neman maganin da zai datse musu hanya.