Farin Shafi a Takardar Kwamfuta: Mafarinsa da Yadda Ake Cire Shi

Duk wanda ya taɓa kai aiki ɗaya daga cikin shagunan buga takardu da ke bakin Sabon Titin Mandawari, ko waninsu a cikin birnin Kano, ya san cewa da shafi ake lissafin kuɗi. Ɗalibi zai shirya rubutu mai shafi goma, firinta ta fito masa da goma sha ɗaya, na ƙarshen fari fat, babu ko ɗigo. Na malamin makaranta ya fi wannan ciwo. Ya tsara tambayoyin jarrabawa shafi biyu domin a buga su gaba da baya a takarda guda, sai farin shafi ya kutsa tsakani ya ture shafi na biyu zuwa wata takardar. Idan ɗalibai 200 ne za su zauna jarrabawar, an yi asarar takarda 200 ke nan, alhali rim guda takarda 500 ne.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa shi ne, shafin nan da yake gani fari, a wurin kwamfuta akwai rubutu a kansa. Manhajar rubutu irin su Microsoft Word ba ta ajiye aiki shafi-shafi. Tana ajiye shi ne a matsayin doguwar igiya guda ta haruffa da alamomi, sa'an nan ta riƙa zuba su cikin shafuka kamar yadda mai awo yake zuba gero a kwano, in wannan ya cika ragowar ta koma na gaba. Shi ya sa za ka neme umurnin goge shafi a cikin Word ka rasa. Shafi yana samuwa ne idan akwai abin da zai zauna a cikinsa, yana kuma ɓacewa da kansa da zarar an ɗauke abin.

Wannan al'amari baƙo ne ga al'adar rubutu ta unguwa irin Mandawari. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Mandawali, wanda ake danganta sunan unguwar da shi, cikin malaman Wangarawa da suka zo daga ƙasar Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Marubutan da suka gaji malaman nan da tawada da alƙalamin kara suke aiki, kuma a ƙarni na 19 yawancin takardarsu daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus da Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku a jikinta. A wurin irin wannan marubuci, abin da ido bai gani ba a kan takarda, babu shi. Haka ma mai tafireta. Kwamfuta ce ta zo da haruffan da ake bugawa amma ba a ganinsu.

Asalinsu kuwa yana da sauƙin fahimta. A shekarar 1963 aka fitar da wani tsari a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba kowane harafi lamba. Babban A, alal misali, lambarsa 65. Aka kuma keɓe wasu lambobi waɗanda ba haruffa ba ne, umurni ne ga injin bugawa. Lamba 13 tana nufin a koma farkon layi, 10 tana nufin a sauka layi na gaba, 12 kuwa tana nufin a fitar da wannan takarda a jawo sabuwa. Har yau, idan ka nemi lamba 13 a akwatin bincike na Word, ƙarshen sakin layi zai nuna maka. Duk lokacin da ka danna madannin Enter, harafi ka buga, mai tsawo da gurbi kamar kowane harafi, illa dai ba shi da tawada.

To, tun da haka ne, matakin farko shi ne a sa kwamfuta ta bayyana abin da ta ɓoye. Waɗanda suka yi aiki da WordPerfect 5.1, wadda ta fito a 1989, za su tuna yadda ake danna Alt da F3 fuskar kwamfuta ta rabu biyu, duk umurnin da ke ƙarƙashin rubutu ya fito fili. A Word akwai maɓalli mai wannan alama ¶ a jerin da aka rubuta wa Home, ko kuma a danne Ctrl da Shift a buga 8. Nan take za a ga alamar ¶ a duk inda aka taɓa danna Enter, ɗigo a kowane tazara tsakanin kalmomi, da 'yar kibiya a inda aka danna Tab. Kada ganinsu ya tayar da hankalin kowa, firinta ba ta buga su. Yanzu sai a gangara zuwa farin shafin a duba abin da ke zaune a kansa.

Mafi yawan lokaci jerin ¶ za a tarar, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Idan a ƙarshen aiki ne, sai a danna Ctrl da End a sauka can ƙasa, a yi ta danna Backspace har shafin ya naɗe. Idan a tsakiya ne, to wata ɗabi'a ce da aka gada daga tafireta ta jawo shi. Mutum yana so babi na biyu ya fara a sabon shafi, sai ya yi ta danna Enter, sau goma sha biyar ko ashirin, har kan babin ya tsallaka. A ranar abin yana yin kyau. Amma gobe idan ya ƙara sakin layi a babi na ɗaya, duk waɗannan alamomi za su gangara tare, su cika rabin shafi ko shafi sukutum. A ganina wannan ɗabi'a ce ya kamata malaman kwamfuta a makarantun sakandare su fara yaƙa tun a darasin farko, kafin a kai ga koyar da ƙawata haruffa. Abin da ya dace shi ne a goge su duka, a danne Ctrl a danna Enter sau ɗaya tak. Wannan zai saka umurnin tsallake shafi, jikan lamba 12 da muka ambata, wanda yake bayyana a matsayin layin ɗige-ɗige.

Shi ma umurnin tsallaken yana iya haifar da farin shafi, idan aka saka shi sau biyu a jere, ko kuwa idan rubutu ya cika shafi maƙil har umurnin ya rasa wurin zama ya faɗa shafi na gaba shi kaɗai. Gogewa ake yi kamar kowane harafi. Wanda aikinsa yake da tsawo yana iya buɗe akwatin nema da musanya da Ctrl da H, ya sa a nemo ^p^p a musanya da ^p, wato duk inda Enter biyu suka haɗu a mayar da su ɗaya. Sai dai ɗalibin Hausa da ya kawo waƙa cikin aikinsa ya yi hattara, domin wannan zai haɗe masa baitoci wuri guda.

Akwai kuma wanda yake gagarar gogewa, shi ne wanda yake biyo bayan jadawali. Malaman da ke shirya sakamakon jarrabawa sun san shi. Ƙa'idar Word ce lalle a sami sakin layi guda a bayan kowane jadawali da ya zo ƙarshen aiki, kuma ba ta yarda a cire shi. Idan jadawalin ya kai har gindin shafi, wannan ¶ guda ɗaya sai ya koma sabon shafi ya zauna, ka danna Delete har yatsa ya gaji ba zai motsa ba. Dabara a nan ita ce a ƙanƙantar da shi. A zaɓe shi, a mayar da girman harafinsa daga 12 zuwa 1, a kuma cire tazarar da ke samansa da ƙasansa. Awo ɗaya na girman harafi kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, saboda haka zai sami gurbi a ƙarƙashin jadawalin. In ya ƙi, a ɗan rage faɗin gefen takarda na ƙasa.

Wanda ya fi duka rikitarwa shi ne wanda ba ya fitowa a fuskar kwamfuta sam, sai a firinta. Alamarsa ita ce lambar shafi ta yi tsalle, daga 7 zuwa 9. Mafarinsa shingen da ake sakawa tsakanin sashe da sashe. A littattafan boko shafin dama shi ne mai lamba 1, 3, 5, kuma maɗaba'u sun saba fara sabon babi a dama. Domin haka Word tana da wani irin shinge mai suna Odd Page, wanda yake tilasta sashe na gaba ya fara a irin waɗannan lambobi. Idan babin baya ya ƙare a shafi na 7, sai ta saka farin shafi na 8 da kanta. A littafi wannan daidai ne, a bar shi. A takardar jarrabawa ko aikin aji kuwa ba shi da amfani. Amma kada a yi gaggawar goge shingen, domin a cikinsa ne aka ajiye tsarin sashen da ke samansa. Da zarar an goge shi, sashen sama zai ɗauki tsarin na ƙasa, sai ka ga lambobin Romawa na shafukan gabatarwa sun rikiɗe, ko shafin da aka kwantar domin faffaɗan jadawali ya miƙe. Hanya mafi aminci ita ce a shiga sashen da ke ƙasan shingen, a buɗe Page Setup, a sauya mafarin sashen zuwa New page.

Saura tambayar da ɗalibai suka fi yi: me ya sa aiki yake daidai a kwamfutar gida, amma ya ɓaci a ta shago? Sau da yawa girman takarda ne. A Nijeriya da A4 ake aiki, mai tsawon milimita 297, amma kwamfutoci da dama suna zuwa a saite kan takardar Amurka, Letter, mai tsawon milimita 279. Bambancin milimita 18 ya kai layi uku zuwa huɗu a kowane shafi idan girman harafi 12 ne, kuma wannan ya isa ya ture ¶ guda zuwa sabon shafi. Wani lokacin kuma samfurin haruffa ne, musamman ga mai rubutu da Hausa. A shekarun 1990 sai da Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera samfurin haruffa na musamman domin ƙ da ɗ da ɓ su samu shiga kwamfuta. Yanzu suna cikin tsarin Unicode, amma ba kowane samfuri ne yake ɗauke da su ba. Idan kwamfutar shago ba ta da samfurin da ka yi aiki da shi, za ta aro wani mai faɗi ko tsayi daban, awon shafukan duka ya sauya. Saboda haka, bayan an gyara aiki an duba shi shafi-shafi a wurin duban bugu, wato Ctrl da P, a adana kwafinsa a matsayin PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya fitar a 1993. Shi PDF shafi-shafi yake ajiye aiki tare da haruffansa, don haka in shafi goma ka kai shago, goma firinta za ta fitar.