Zaɓen amfilifayar gida: Abin da lambar jikin kwali ba ta faɗa

Duk wanda ya shiga shagon kayan sauti a kasuwar Sabon Gari da ke Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne manyan lambobi a jikin kwalaye: wat 2,000, wat 5,000, wani lokaci ma fiye da haka.

Akasarin masu saye na ɗaukar cewa girman lambar shi ne ingancin na'urar.

To amma masana harkar sauti sun daɗe suna gargaɗin cewa wannan lamba ita ce mafi ƙarancin amfani ga mai neman amfilifayar da zai ajiye a falonsa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne dacewar na'urar da lasifikokin da za ta ɗauka, da girman ɗakin, da kuma irin wutar lantarkin da ke gidan. Idan aka yi kuskure a nan, ana iya asarar kuɗin amfilifayar da na lasifikokin a rana guda.

Mece ce haɗaɗɗiyar amfilifaya?

Sautin da ke fitowa daga na'urar CD, ko wayar salula, ko allurar garmaho, ɗan ƙaramin motsi ne na lantarki wanda ba shi da ƙarfin girgiza lasifika.

Kafin ya kai ga kunne sai ya bi ta matakai biyu. Na farko shi ne inda ake zaɓar na'urar da za a saurara, a kuma daidaita murya. Na biyu kuwa shi ne inda ake ƙara wa sautin ƙarfi har ya iya motsa lasifika.

Akwai masu sayen akwati biyu daban-daban domin waɗannan ayyuka. Haɗaɗɗiyar amfilifaya ita ce wadda ta tattara su a cikin akwati ɗaya, abin da ke rage tsada, da yawan wayoyi, da kuma cin wuri.

Ana kiranta ta sitiriyo ne saboda tana da hanyoyin sauti biyu, na dama da na hagu. Wani injiniya ɗan Birtaniya mai suna Alan Blumlein, na kamfanin EMI, shi ne ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1931, kuma har yau a kan wannan tsari ake naɗar mafi yawan waƙoƙi.

Wannan ne ya bambanta ta da na'urar kallon fina-finai da aka fi sani da hom tiyata, wadda ke raba sauti zuwa lasifika biyar ko bakwai. Idan farashinsu ɗaya ne, kuɗin da aka kashe kan hanyoyi biyu kacal ya fi sayen kayan ciki masu nagarta a kan wanda aka rarraba gida bakwai.

Rikicin lambar wat

Ba yau aka fara zuzuta ƙarfin amfilifaya ba. A shekarar 1974 lamarin ya kai ga hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta kafa doka da ta tilasta wa kamfanoni bayyana ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa ba tare da yankewa ba, a kowace hanya. An sabunta dokar a 2024.

Wannan ma'auni shi ne ake yawan rubuta shi da haruffan RMS, kuma shi ne abin dogaro.

Manyan lambobin da ake gani a jikin kwali kuwa, galibi suna tafe ne da haruffan PMPO. Babu wata ƙa'ida da aka amince da ita wajen auna shi, don haka kowane kamfani na rubuta abin da ya ga dama.

Akwai hanya mai sauƙi ta gano gaskiya. A bayan kowace na'ura ana rubuta yawan wutar da take ja. Na'urar da ke jan wat 60 daga bango ba za ta iya ci gaba da bai wa lasifika wat 3,000 ba, domin kuwa ba ta da inda za ta samo shi.

Ko da lambar ta gaskiya ce, kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti da lissafin kai tsaye. Da desibel ake auna ƙarar sauti, kuma ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 50 zuwa 100 na ƙara desibel 3 ne kawai, bambancin da ake ji amma ba mai yawa ba.

Kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato sai an tashi daga wat 50 zuwa 500.

Wani misali da ake yawan bayarwa shi ne na amfilifayar NAD 3020, wadda ta fito a 1978. Wat 20 kacal aka rubuta mata a kowace hanya, amma ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saya a tarihi, saboda tana iya ɗaukar lasifikokin da ke wahalar da wasu masu manyan lambobi. Kamar yadda Bahaushe ke cewa, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lasifika ce ke yanke hukunci

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a fara zaɓar lasifikoki, sannan a nemo musu amfilifayar da ta dace da su. Akwai lambobi biyu da ya kamata a duba a bayan lasifika ko a takardarta.

Ta farko tana nuna yawan ƙarar da lasifikar ke fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya, aka kuma auna daga nisan mita ɗaya. Yawancin lasifikokin gida na tsakanin desibel 85 zuwa 90.

Lasifika mai 90 na buƙatar rabin ƙarfin da mai 87 ke buƙata kafin su yi ƙara iri ɗaya. Mai 84 kuwa sai an ba ta ninki huɗu na abin da mai 90 ke ci.

Hakan na nufin cewa a sauraro na yau da kullum, 'yan wat kaɗan ne ke aiki. Sauran ƙarfin ajiya ne domin lokacin da kiɗa ya yi tashin farat ɗaya, kamar bugun ganga ko na kalangu. A falo madaidaici, wat 40 zuwa 60 na gaskiya a kowace hanya kan wadatar.

Lamba ta biyu ita ce ta om, wadda ke nuna yadda lasifika ke tare wa lantarki hanya. Akasari ana samun om 8, ko 6, ko 4. Lasifika mai om 4 na zuƙar lantarki ninki biyu na mai om 8, don haka ta fi sa amfilifaya zafi.

Nan ne mutane da dama ke yin kuskure. Idan aka jona lasifika biyu masu om 8 a kafa ɗaya, nauyinsu na komawa om 4. Idan kuma masu om 4 ne, sai ya koma om 2, wanda ya fi ƙarfin mafi yawan amfilifayoyin gida.

Kazalika, ba babbar amfilifaya kaɗai ke ƙona lasifika ba. Idan aka ƙure muryar ƙaramar amfilifaya fiye da iyawarta, sautin na gurɓacewa ya koma kaushi, kuma hakan na iya ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Da zarar murya ta fara karcewa, alama ce ta a rage.

Me za a jona mata?

Kafin a biya kuɗi, yana da kyau mai saye ya lissafa na'urorin da yake da su, ya kuma duba bayan amfilifayar ya ga ko kowace na da kafarta.

Wanda ke da tsofaffin fayafayan garmaho, irin na marigayi Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos, yana buƙatar kafa ta musamman da ake rubuta wa Phono. Sautin allura bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin na CD ba, sannan a lokacin yanka faifai ana rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, bisa wani tsari da masana'antar faifai ta Amurka ta tsayar a 1954. Wannan kafa ce ke mayar da sautin yadda yake.

Bayan da CD ya fito a 1982, kamfanoni da dama sun daina saka wannan kafa. Sai dai ta dawo sakamakon farfaɗowar kasuwar garmaho, musamman a Amurka, inda a 2022 yawan fayafayan garmahon da aka sayar ya zarce na CD a karon farko tun 1987.

Ga wanda waƙoƙinsa ko karatun Alƙur'ani da tafsirin da yake saurare ke cikin waya ko kwamfuta, abin nema shi ne amfilifaya mai Bluetooth, ko mai kafar USB. Mai son jona talabijin kuma sai ya tabbatar akwai kafar da ta dace da tata.

Sai dai irin waɗannan fasahohi na saurin tsufa, alhali amfilifaya mai kyau kan yi shekaru 20 tana aiki. Shi ya sa wasu suka gwammace sayen amfilifaya zalla, su haɗa ta da ƙaramin akwatin Bluetooth da za a iya sauyawa cikin sauƙi.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

An kasa amfilifayoyi rukuni-rukuni bisa yadda suke sarrafa wuta. Ta rukunin A na jan wuta sosai ko da ba a kunna kiɗa ba, kuma mafi yawan wutar na komawa zafi. Ta rukunin AB, wadda ta fi yawa a kasuwa, na tsaka-tsaki. Ta rukunin D kuwa na mayar da kimanin kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta ja zuwa ga lasifika.

A garuruwan da zafi ke haura maki 40 a ma'aunin salshiyos a watannin bazara, kuma ake dogara da janareto ko hasken rana, wannan bambanci na da muhimmanci. Rukunin D ya fi sauƙin ɗauka ga batir, kuma bai cika zafi ba.

Kowace iri ce dai tana buƙatar iska. Bai kamata a kulle ta a cikin kabad ba, ko a ɗora wata na'ura a kan ramukan samanta. Ƙurar hunturu ma na toshe waɗannan ramuka, don haka ana so a rufe ta da ƙyalle idan an kashe ta ta huce.

Babban haɗari kuma shi ne na kayan da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan kuma 100. Amfilifayar da aka ƙera domin kasuwar Amurka ko Japan na iya ƙonewa nan take idan aka jona ta kai tsaye, sai dai idan tana da maɓallin sauya wuta a bayanta, ko an haɗa ta da taransifoma mai rage ƙarfin wuta.

Tsofaffin amfilifayoyin Pioneer, da Sansui, da Marantz na shekarun 1970 na da farin jini har yanzu, amma kondensocinsu na bushewa da tsufa. Ya dace mai gyara ya duba su kafin a kammala ciniki.

Haka kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta na lalata na'urori. Sitabilaiza na taimakawa, amma cire filogi idan an ɗauke wuta ya fi zama kariya.

Kunne ne alƙali

Bayan duk wannan lissafi, sauraro shi ne gwaji na ƙarshe. Ana so mai saye ya je da abin da ya saba ji, musamman muryar mutum, domin kunne ya fi saurin gano aibi a murya fiye da a kiɗa.

Idan ana kwatanta na'urori biyu, wajibi ne a daidaita ƙararsu, saboda wadda ta ɗan fi ƙara kan yi kamar ta fi daɗi ko da ba haka ba ne.

Yana da kyau kuma a saurara da murya ƙasa-ƙasa, a tabbatar dama da hagu na fita daidai, sannan a tsayar da kiɗan a kasa kunne ko za a ji gunji ko shuu daga lasifika.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na iya sauraron sauti mai desibel 80 har na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da ya cutu ba, amma idan ya kai desibel 90, lokacin na raguwa zuwa sa'o'i huɗu.

Amfilifaya mai wat 50 da lasifika madaidaiciya na iya wuce wannan iyaka cikin sauƙi a ɗaki. Kuma saɓanin lasifikar da ta ƙone, jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.