Zaɓen Lasifikar Kunne a Abu Na'ama

A Abu Na'ama, bakin Shuɗin Nilu, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, wajibi ne ga mai nufin sauraron tilawa ko tafsiri tsawon sa'o'i a gida ya fara duba matashin lasifikar kafin sautinta, domin na fatar roba yakan tara gumi a bayan kunne, alhali na ƙyalle yana barin iska ta ratsa. A ganina, mafificiya ita ce mara nauyi, wadda ta kewaye kunne ɗungurungum ba tare da danne sandar tabarau ba, kuma a gwada ta da hula a kai. Amma batun ƙara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80, sa'a 40 a mako.