Ke Mai Rubutu A Waya, Ina Masu Karatunki?

Makon nan zancena da ke ne, ke da ki ke zama da waya bayan kin sauke tuwon dare, kina rubuta labari ko talifi a kan girki da renon yara, amma har yanzu masu karanta miki ba su wuce ƙawayenki ba, ko sisi kuwa bai taɓa shigo miki ba.

Watakila kin san yadda marubuta mata na Kano da Kaduna su ke yi. Su kan saki shafukan farko kyauta a Facebook da WhatsApp, watau ɗanɗano. In labari ya kai inda mai karatu ba ta iya haƙuri, sai a ce sauran na kuɗi ne. Wadda ta biya ta asusun banki ko da katin waya, sai a sa ta cikin zauren da a ke sakin ci gaba. Dabarar ke nan, ba wani asiri. Amma ɗanɗanon da ba gishiri ba ya sa a sayi miya.

To, ina gishirin? Yana nan ƙofar gidanku. Abin da na lura shi ne, yarinya tana zaune a Zurmi, sai ta rubuta labarin ɗan mai kuɗi a Abuja, garin da ba ta taɓa takawa ba. Irin wannan ya cika waya, kuma akwai waɗanda suka fi ki iya shi. Amma wa ya fi ki sanin yadda a ke gasa hoce? Wa zai ba da labarin kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko tsohuwar tashar Ƙaura inda hanyar jirgin ƙasa ta tuƙe tun 1929? Ga kuma matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, suna raɓe a gidajen dangi. Bahaushiyar da ke Legas ko Makka tana ƙishin jin waɗannan, ba ta kuwa samunsu sai wurinki. Sai dai kul, in kin taɓo wannan zance na ƙarshe, kada ki ambaci sunan mutum ko ƙauyensa, gama waya ba ta da shamaki, kowa yana karantawa.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa darasin da bai kama yara tun daga farko ba ya riga ya lalace. Haka rubutu ya ke. Ki rage doguwar gaisuwa da jero sunayen ƙawaye, ki faɗa cikin magana tun layin farko. Sa'an nan ki tsai da lokaci. In kin ce kowace Talata da Jumma'a bayan isha'i, to ya zama haka, ko da shafi ɗaya ne. Wadda ta yi miki sharhi ki amsa mata, ita ce za ta kai ki zauren da ba ki ciki. 'Yan matan Foliteknik ta Ƙaura kaɗai sun isa su yaɗa ki jihohi da dama in sun tafi hutu.

Batun kuɗi kuwa, kada kowa ya ruɗe ki. Wattpad wurin neman suna ne, yawancin masu rubutu can ba a biyansu. ArewaBooks ana sayar da littafi a kai. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da ke sai kin tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda, amma tana da amfani, domin mata da yawa da ba su yi boko ba sun fi son a karanta musu. Ki riƙa sa sunanki a kowane shafi, don lalle wata za ta tura littafinki inda ba a biya ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A ran 3 ga Satumba 2021 aka yanke layukan waya a Zamfara duka. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu kuwa na arewa sai da muka ƙara makonni muna jira. Duk wadda ta karɓi kuɗin mutane a kan littafin da ba ta gama ba, ta shiga kunya ba da laifinta ba, ba ta ma da hanyar ba da haƙuri. Har wa yau, OkadaBooks, inda marubutanmu da yawa su ke kasa littattafai, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023.

Saboda haka kada ki karɓi kuɗi sai kin kammala rubutu. Ki aje kwafi wurin wata 'yar'uwa amintacciya a Sakkwato ko Kano, wadda za ta ci gaba da saki in layi ya ɗauke. Lambobin waɗanda suka biya kuma ki sami littafi mai bango ki rubuta su da biro, kowace da ranar da ta biya da abin da ta biya.