Zaƙi a Bakin Tarko: Sirrin Harshen Dila

Tun da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, noman rani ya zama babbar sana'a a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Lokacin da daji ya bushe ƙarau, sai ka ga fadamu sun yi kore shar da shinkafa da tumatir da rake da kankana. To, abin da ya yi wa ɗan Adam daɗi, ya yi wa namun daji. Manomi kan yi sammako ya tarar an huda masa kankana cikin dare, an zaɓi nunannu an bar ɗanyu, ga kuma sawu irin na ƙaramin kare. Wanda akan tuhuma shi ne dila, malamin daji. Amma yaya aka yi dabba mai cin nama take da kwaɗayin zaƙi? Amsar wannan tambaya ita ce ke nuna mana abin da ke sa abincin tarko mai zaƙi yin aiki, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

Ɗan'uwan dila a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata dabba mai kama da dila wadda ake kira koyot. Ita ma tana ɗauke kaji da 'yan raguna, tana kuma ɓarnar kankana. Masu ɗana mata tarko sun daɗe da sanin cewa ba nama kaɗai ke jawo ta ba. Sukan haɗa zuma ko ruwan rake mai kauri da nunannun 'ya'yan itace, su rufe a kwalba har su tsimu, sannan su zuba kaɗan a wani ɗan rami bayan tarkon.

Kamannin nan ba na ido kaɗai ba ne. A shekarar 2015 masana suka binciki ƙwayoyin gado na dila mai ruwan ƙasa da ke zaune a Afirka ta Arewa da yankin Sahel, suka gano cewa ya fi kusa da koyot da kerkecin Turai a kan dilan Asiya, wanda a da ake zaton jinsinsu ɗaya. Har ila yau, cikin 'ya'yan itacen da koyot ya fi so akwai na wata bishiya 'yar'uwar kanyarmu. Ita kuwa kanya, ma'anar sunanta na Ingilishi ita ce "ɗan itacen dila", saboda yawan ganin ƙwallayenta a cikin kashinsa.

Abin da ke kan harshe

A kan harshen mutum akwai wasu ƙananan makarɓai da ke gane sukari su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Makarɓin zaƙi haɗin furotin biyu ne, masana na kiran su T1R2 da T1R3, kuma sai sun haɗu suke aiki, kamar turmi da taɓarya. Kare da danginsa, wato su dila da koyot, suna da duka biyun, don haka suna jin zaƙi.

Kyanwa fa? A shekarar 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke birnin Filadelfiya suka gano cewa ƙwayar gadon da ke ƙera T1R2 ta lalace a jikin kyanwa da danginta manya. Ke nan ko an ajiye wa kyanwa mazarƙwaila, ba ta san daɗinta ba. A shekarar 2012 aka gano irin wannan nakasa a jikin kura mai dabbare-dabbare. Ashe kurar da ake yi wa kirari da haɗama ba ta san zaƙin zuma ba! Dalili kuwa shi ne, dabbar da ta dogara ga nama zalla ba ta asarar komai idan makarɓin ya lalace, alhali dila, wanda ke cika cikinsa da magarya da kanya idan farauta ta yi wuya, yana bukatar harshen da zai bambance nunanne da ɗanye.

Aikin hanci

Sai dai harshe ba ya aiki daga nesa, kuma tsantsar sukari ba shi da ƙamshi. Mai karatu na iya gwadawa da sukarin shayi. Abin da ke kiran dila daga nesa shi ne tsimuwa. Idan aka rufe nunannun 'ya'yan itace da ruwan zaƙi, wasu ƙananan halittu da ake kira yis sukan cinye sukarin su fitar da iskar kabon da barasa da wasu sinadarai masu ƙamshi da ke tashi cikin iska. Zafi yana hanzarta wannan aiki, shi ya sa haɗin da aka yi da bazara ya fi saurin tsimuwa a kan na lokacin hunturu. Hanci ne ke kawo dabbar, harshe kuma ya tsayar da ita har ta taka tarko. Gaskiyar Bahaushe da ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Zuma da zaƙi da harbi

A nan ne fa matsalar take, domin zaƙi ba ya zaɓe. Abin da ya jawo dila zai jawo karen gida da akuya, har ma da yaron da ya biyo iyayensa gona, kuma tarkon ƙarfe bai san ƙafar da ya kama ba. Abu mafi muni shi ne zuba maganin ƙwari a cikin abincin tarko. Dabbar da ta ci takan je nesa ta mutu, ungulu su ci mushen su ma su mutu. Tun shekarar 2015 aka sanya ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma guba na cikin abubuwan da suka jawo haka.

Amurkawa sun bi wannan hanya kafin mu. Sun shafe shekaru da dama suna yaƙar koyot da guba da tarko, har Shugaba Nixon ya hana amfani da guba a filayen gwamnatin tarayya a shekarar 1972. Duk da wannan yaƙi, dabbar da asalinta ke tsakiya da yammacin nahiyar ta bazu zuwa duk jihohin ƙasar in ban da Hawai, ta kuma gangara kudu har Panama. Sun dai ci riba da suka juya dabarar: daga shekarar 1995 jihar Teksas ta riƙa watsa abinci mai ɗauke da rigakafin ciwon haukan kare daga jiragen sama, koyot suna ci, har aka shawo kan annobar da ta ɓulla a cikinsu.

Bugu da ƙari, dila ba ɓarawo ne kawai ba. Ɓeraye na cikin babban abincinsa, su kuwa ɓeraye su ne ke sare shinkafa a gona, suna haƙa ramuka a gefen magudanan ruwa. Wani jinsinsu, wanda macensa kan haifi 'ya'ya fiye da goma a ciki ɗaya, shi ne ke ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa. Manomin da ya kashe dila saboda kankana biyar yana iya biyan bashin da buhunan shinkafa. Rufe akurki da dare, da cire kankana da zarar ta nuna, da yin shinge, da ajiye kare mai gadi, sun fi arha, sun kuma fi aminci.

Gwaji ga ɗalibai

Ana iya amfani da abinci mai zaƙi ba tare da tarko ba, kamar yadda masu nazarin namun daji ke yi. Da izinin mai gona da jagorancin malami, a share fili mai faɗin mita 1 nesa da gidaje, a tankaɗe yashi mai laushi a kai. A dama nunanniyar kanya ko gwanda da mazarƙwaila da ɗan ruwa, a rufe sako-sako na kwana 3, sannan a zuba cokali ɗaya a tsakiyar filin da magariba. A wani fili mai nisa a sa sukari zalla, a wani kuma kada a sa komai. Da safe a zana sawun da aka gani. Sawun dila da na kare suna nuna farata, na kyanwa ba ya nunawa, gafiya kuwa takan bar layin wutsiyarta. A maimaita har mako guda a kwatanta filayen uku. Ta haka ɗalibai za su iya gaya wa manomi ainihin mai shiga gonarsa, domin ba kullum ne dila ke da laifin da ake ɗora masa ba.